Shekara biyun da nayi ina koyarwa a Gambiya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son rubuta labarin nan amma kullum sai ince bari sai gobe, to shekaranjiya ƙanwar wata ƙawata ta kira ni wai ta samu dama zata fita waje koyarwa amma tsoro ya hana ta bacci, muka yi kusan awa guda a waya, da muka gama na zauna shiru nace kai bari dai in rubuta, wataƙila akwai wata irinta da bata da wanda zata kira.

Ni malamar lissafi ce. Bayan na gama digiri nayi bautar ƙasa, na koyar shekara huɗu a ƙaramar sakandare, kuma da a lokacin ne wani ya tambaye ni zan ce masa na iya aikina ba tare da ko ɗar ba. Ina gama manhaja a kan lokaci, rubutuna a allo tsaf, in na shiga aji ko tari ba mai yi. Abinda na ɗauka shine koyarwa kenan.

Wani malami ne a ofishinmu ya fara nuna min sanarwar TAC a wayarsa. Ga wanda bai sani ba, shiri ne na gwamnatin Najeriya da aka kafa tun 1987 zamanin Janar Babangida, yana ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje, ana ɗaukar malamai da likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi a tura su ƙasashen Afirka da yankin Karebiyan da na Fasifik suyi aiki na shekara biyu, Najeriya ce ke biyan alawus, ƙasar da ta karɓe ka kuma ita ke baka wurin zama. Na cike takardu ban faɗa wa kowa ba a gida, don a raina nasan ba za a ɗauke ni ba, to meye na tada hankalin mutane. Sai gashi an kira ni intabiyu, bayan wasu watanni kuma sunana ya fito, an rubuta Gambiya a gabansa.

Nan fa aka yi ta. Umma kuka kawai take, Gwaggo ta zo takanas tace ita bata taɓa jin inda yarinya ba aure ta ɗauki jaka ta tsallake ƙasa har shekara biyu ba, wa zai tsaya mata in wani abu ya faru, kuma waye zai zauna jiranta. Bana ganin laifinta har yau, tsoro ne irin na wanda yake sonka. Yaya ne kaɗai ya tsaya min, shi ya zauna ya nuna wa Umma ƙasar a taswira, yace kin ganta nan Afirka ta Yamma ce, ko biza ba a buƙata saboda ECOWAS, fasfo ne kawai da katin rigakafin shawara, kuma yawancin mutanen can musulmi ne. Baba kuwa kwana tara bai ce min komai a kan maganar ba, in na gaishe shi ya amsa shikenan. Ranar na goma bayan asuba ya aiko a kira ni, na durƙusa, yace Mamana na amince ki tafi, amma abu ɗaya zan faɗa miki, in kin je kika ga ba zaki iya ba kada kunyar mutane ta hana ki dawowa, gidan ubanki ne. Na riƙe maganar nan, kuma zaku ji inda ta dawo min.

Ƙarshen 2018 muka sauka a filin jirgin Yundum. Mun yi 'yan kwanaki a wajen Banjul ana mana bayani, daga nan aka rarraba mu, wasu suka zauna a Serekunda da Brikama, ni kuma aka ce Farafenni. Gambiya ƙasa ce 'yar siririya, kogi ne a tsakiya sai ƙasa ta wannan gefen da wancan gefen, Senegal ta zagaye ta ta ko'ina in banda bakin teku. Mun bi hanyar kudu har Soma, daga nan zuwa Yelitenda inda ake hawa jirgin fito a tsallaka zuwa Bambatenda. Ban taɓa ganin layin manyan motoci irin na ranar ba, direban da ya kai mu yace wasu sai suyi kwanaki a nan suna jiran layi ya zo kansu, don hanyar ce ta haɗa arewacin Senegal da yankin Kasamans. A gefe kuma ga gada ana ta aikinta, an kusa gamawa. Ina tsaye a cikin jirgin na riƙe jakata gam ina kallon ruwa, duk maganganun da ake yi a gefena ba kalma ɗaya da na gane, a nan ne na fara jin lallai na bar gida.

Tsarin makarantunsu bai yi nisa da namu ba, shekara shida na farko, sai aji 7 zuwa 9, sai aji 10 zuwa 12, a ƙarshen aji 9 suna rubuta wata jarabawa da ake kira GABECE, a ƙarshen aji 12 kuma WAEC ɗin nan dai da muka sani, don Gambiya na cikin ƙasashe biyar ɗin da ke cikinta tare da mu da Gana da Saliyo da Laberiya. Da turanci ake koyarwa. Wannan ne ma ya kwantar min da hankali tun farko, nace ai lissafi lissafi ne, turanci kuma turanci ne, me zai gagara. Aka bani aji 7 guda biyu da aji 9 guda ɗaya.

Makonnin farko na ɗauka komai na tafiya daidai. Yaran akwai ladabi, in na shiga su miƙe, in na gama bayani nace kun gane, su haɗa baki su ce yes madam, in juya allo in ci gaba. Bayan wata guda nayi musu gwaji. A aji 7 na farko yara 52 ne, shida ne suka samu rabin maki. Na zauna a ɗaki da takardun nan a gabana har dare, abinda ya fi ɗaga min hankali ba faɗuwar ba ce, yadda suka faɗi ne. Yaro zai kwafe tambayar tsaf da kyakkyawan rubutu ya bar wurin amsa fayau. Wata ta ɗauki duk lambobin da ta gani a cikin tambayar ta tara su, har da lambar tambayar. A bayan takardun kuma duk 'yan sanduna ne aka jajja ana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya.

Washegari na shiga da niyyar in sake bayanin daga farko, ina cikin yi naga idanunsu dai irin na jiya ne, ban san lokacin da bakina ya juya ba nace to ku saurara, abinda ake nufi shine kamar a ce kana da... sai na tsaya. Hausa nake yi. Yara hamsin da biyu suna kallona. A tsayen nan na gane wani abu da ban taɓa lura dashi ba a shekara huɗun da nayi ina aiki, ashe duk lokacin da bayani ya cije min a gida Hausa nake komawa inyi minti biyu in warware sannan in dawo turanci, kuma a cikin minti biyun nan ne yaran suke ɗaukar duk abinda zasu ɗauka, sauran minti talatin da takwas ɗin kwafa ce kawai. Yanzu an ɗauke min minti biyun, sai ga aikin nawa tsirara.

Su kuma yaran ba yare ɗaya suke ba. Farafenni gari ne na kan iyaka, akwai Mandinka akwai Wolof akwai Fulani, yaro ɗaya zaka samu yana jin biyu ko duka ukun, turanci shine na uku ko na huɗu a bakinsa kuma daga ƙofar makaranta yake ajiye shi. Ga kuma harshena, yadda nake furta wasu kalmomin ba haka kunnensu ya saba ji ba, sha biyar da hamsin na turanci kaɗai sun ishe mu rikici, sai da na koma rubuta duk lambar da na faɗa.

Watan Nuwamba zuwa Disamba na wannan shekarar bana son tuna shi. Zazzaɓi ya kwantar dani kwana biyar ni kaɗai a ɗaki, in dare yayi ba abinda nake ji sai kukan tsuntsaye da ban san irinsu ba, ga awa ɗaya da muke bayan gida, in na idar da isha'i na ɗauki waya sai in tuna su Umma sun kwanta. Da na koma aiki kuma wani malami ya faɗi magana a ofis da ƙarfi yadda zan ji, wai an kwaso baƙi daga nesa ana kashe musu kuɗi ga sakamakon nan kowa ya gani. Ba wanda ya tanka masa. Abin ya min ciwo sosai saboda a lokacin bani da abinda zan kare kaina dashi, takardun gwajin suna cikin jakata. Daren nan na kira Baba ina kuka nace ina ganin dawowa zanyi. Bai min faɗa ba, bai kuma lallashe ni ba, yace Mamana ai na faɗa miki ƙofa a buɗe take, amma ki bari a yi hutun zango tukunna kada ki bar 'ya'yan mutane a tsakiyar hanya. Na ce to Baba. Na haɗa kayana a akwati na tura ƙarƙashin gado ina ƙirga kwanaki.

Saura mako ɗaya a yi hutu aka kira taron iyaye da malamai. Aka jera mana kujeru a gaba muna fuskantar iyaye, aka buɗe da addu'a, daga nan shugaban makaranta ya fara magana da Wolof, wani yana mayarwa da Mandinka, wani dattijo ya miƙe yayi nasa da Fulatanci, aka yi ta yi kusan awa uku. Ni dai ina zaune. In naga an gyaɗa kai in gyaɗa, in aka yi dariya in yi murmushi, in aka yi tsit in haɗe fuska, can naji an ambaci sunana duk aka juyo ana kallona, gabana ya faɗi don ban san yabo ne ko ƙara aka kawo ba. Kaina ya fara ciwo, bacci yana fizgata ba don na gaji ba sai don ƙwaƙwalwata ta gaji da neman abin kamawa ta rasa. Da aka tashi wata malama ta dafa ni tace da turanci, kin dai bi abinda aka tattauna ko? Nace mata eh.

Wallahi ina faɗin eh ɗin nan naji kamar an watsa min ruwan sanyi. Yes madam ɗin yarana ce na faɗa. Ba ƙarya nayi niyyar yi mata ba, kunya ce, da gajiya, da rashin sanin ta ina ma zan fara cewa ban gane ba tunda ba abu ɗaya ne ban gane ba, duka ne. Awa uku kawai nayi a haka naji kamar in fashe da kuka, su kuma yaran nan haka suke zama tun safe har a tashi, yau da gobe, shekara da shekaru, kuma a ƙarshe mu ce musu daƙiƙai. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, abinda ya dinga dawo min ba yaran Farafenni ba ne ma, yaran da na baro ne. Ni ce fa nake sa monita ya rubuta sunan duk wanda yayi Hausa a aji in hukunta shi. Na tuna fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, na roƙi Allah ya yafe min, har yau in na tuna sai naji nauyin abin.

Ban tafi ba. Da aka dawo hutu a Janairu na shiga aji 7 na ajiye alli nace yau ku zaku koya min. Akwai wata yarinya a bencin ƙarshe jikin taga, Bafulatana, tunda na zo ban taɓa jin muryarta ba, ita ce mai tara lambobi har da lambar tambaya. Nace ta ƙirga min ɗaya zuwa goma da yarensu. Ta ɗauka tarko ne, ta sunkuyar da kai, sai da na fara da ɗan abinda kunnena ya taɓa ji nace go'o, ɗiɗi, sannan ta ɗago da sauri ta kalle ni, a hankali ta karɓa, tati, nayi, jowi. 'Yan Mandinka suka ce saura namu, kilin, fula, saba, nani, lulu. 'Yan Wolof suka ce ben, nyar, nyet, nyent, jurom. Ina maimaitawa ina kuskure suna gyara min, ajin da ko tari ba a yi ya kaure da hayaniya har malamin makwabta ya leƙo.

A nan naci karo da abinda ya canza min aiki gaba ɗaya. Da 'yan Wolof suka wuce biyar sai naji sun ce jurom-ben, jurom-nyar, jurom-nyet, wato biyar da ɗaya, biyar da biyu, biyar da uku, har zuwa fuk wato goma. Fulatanci ma haka yake tafiya, shida da bakwai da takwas da tara duk a kan biyar aka gina su. Nace ikon Allah, yaran da nake ganin basu iya tara bakwai da takwas ba sai sun ja sanduna, ashe a cikin bakinsu an riga an farfasa musu lambobin. Na rubuta 7 + 8 a allo nace kada wanda ya ja sanda, ku faɗe shi da Wolof. Jurom-nyar da jurom-nyet. Nace biyar nawa kuka ji? Biyu. Biyar biyu nawa kenan? Fuk. Me ya rage? Nyar da nyet, jurom. Kafin in rufe baki yarinyar bencin ƙarshe tace fiftin, da ƙarfi, ita kanta sai da ta toshe bakinta. Wannan fiftin ɗin har gobe ina jinta a kunnena.

Daga ranar na sake tsarin ajin. Na daina tambayar kun gane, na haramta wa kaina ita kwata-kwata, sai dai ince zo ka nuna min, ko ince faɗa wa na kusa da kai da yarenku sannan shi ya faɗa min da turanci. Na zaunar dasu rukuni-rukuni yadda kowane rukuni akwai mai ɗan ƙarfin turanci. Na sayi ƙaramin littafi ina rubuta kalmomi, rabi, saura, bashi, riba, tsawo, faɗi, kowacce da yare uku, su ne malamaina a wannan. Kuma wani abin da ya dinga bani mamaki shine yadda muke haɗuwa dasu a wasu kalmomin, Mandinka suna ce wa malami karamo, karatu kuma karan, in zasu yi godiya su ce abaraka, ranar da na fara jin abarakan nan nace musu ai mu ma muna da albarka, suka yi ta murna kamar sun gano 'yar uwarsu da ta ɓata.

Ba kowa ne ya so abin ba. Shugaban makaranta ya kira ni ofis, mutum ne mai kirki kuma maganarsa akwai gaskiya a ciki, yace Madam jarabawar nan da turanci zasu rubuta ta, ranar ba mai fassara musu, in kika saba musu da yare kin cuce su. Nace Ranka ya daɗe ban ce a bar turanci ba, amma yaron da bai san meye rabi ba a yaren uwarsa, in ka bashi kalmar turancin me zai rataya ta a kai? Ka bani zango ɗaya, in ba a ga canji ba zan koma yadda ake yi. Ya yarda. Ni har yanzu a kan ra'ayina nake, yaro ya fara gane abu tukunna sannan a bashi sunansa na turanci, in aka juya tsarin haddar kalmomi kawai za a samu, kuma hadda bata warware lissafi.

A watan nan ne aka buɗe gadar, 21 ga Janairun 2019, Shugaba Adama Barrow da Shugaba Macky Sall na Senegal suka zo da kansu, aka sa mata suna Senegambiya. Garin ya cika ya batse. Tsallakawar da ake kwana ana jira ta koma ta 'yan mintoci. Na mayar da ita darasi, tsawonta ya kusa kilomita biyu, in mota na gudun kaza minti nawa zata yi, in a ƙafa ne fa, yaran da ke tsoron tambayar gudu da nisa da lokaci suka dinga gardama da juna a kan amsa saboda abu ne da suka gani da idonsu. Amma a cikin darasin ne wata yarinya tace min Madam mu gadar nan bata mana daɗi ba, mahaifiyarta a bakin fito take sana'a, masu jiran layi su ne masu sayenta, yanzu ba mai tsayawa. Ban da amsar da zan bata, na dai rubuta a raina cewa in naga ta daina zuwa in bi sawu.

Gwajin ƙarshen zango na biyu yara 29 suka haye rabi a ajin da shida suka haye. Ba duka ba ne, akwai waɗanda har na baro ƙasar ban samu hanyar da zan kai gare su ba, kuma suna raina. Malamin da ya faɗi maganar nan a ofis bai taɓa dawo da ita ba, daga baya ma shi ya dinga gyara min Wolof ɗina.

Akwai wani yaro da ba zan iya rufe labarin nan ban faɗe shi ba. A shekarata ta biyu yana aji 9, Mandinka ne, dogo, ya girmi 'yan ajin, kansa na ja sosai. Shi ne ya juya abin, yace Madam kin koyi namu saura ki koya min naki. Naji daɗi har raina, in an tashi ya tsaya in koya masa, ina kwana, ina gajiya, nawa ne, ina ne hanya, ina jin ƙishirwa, don Allah ka taimake ni. Shi yake zaɓar abinda yake so in koya masa, yana rubutawa a bayan littafin lissafinsa, ni kuma ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina me yasa waɗannan kalmomin yake zaɓa ba. Wajen ƙarshen 2019 aka wayi gari bencinsa ba kowa. Kwana biyu, mako guda. Abokinsa ne ya faɗa min a ɓoye, yace ya bi bakwe, haka suke kiran hanyar nan ta zuwa Turai ta ɓarauniyar hanya, ta Mali da Burkina zuwa Agadas sannan sahara zuwa Libiya, kuma an faɗa masa a Agadas Hausa ake yi.

Na rasa inda zan sa kaina. A farkon Disambar nan kuma labari ya zo cewa wani jirgin ruwa da ya tashi daga Barra ya kife a gaɓar Muritaniya, sama da mutum 60 suka rasu, yawancinsu 'yan Gambiya, ƙasar gaba ɗaya ta ɗauki makoki. Nasan ba ta ruwan nan aka ce ya bi ba amma kwana nayi ina juyi. Na je wajen mahaifiyarsa da ɗan Mandinkan da na iya, muka zauna, ta riƙe hannuna, ba abinda muka iya ce wa juna sai addu'a. Na sha tambayar kaina da na gane da wuri fa, da na kira shi na zaunar dashi, ko da zai ji ko ba zai ji ba. Na iya gane yaron da bai fahimci darasi ba amma ban gane wanda yake shirin tafiya a gabana ba.

Sai korona ta zo a Maris ɗin 2020, aka rufe makarantu aka rufe iyakoki, ana sa darasi a rediyo da talabijin. Ni kuma ina rubuta aiki a takardu in bi gida-gida in ajiye daga bakin ƙofa in dawo in karɓa, a haka na san gidajen yarana fiye da duk zaman da nayi a baya. Ƙarshen shekarar wa'adina ya cika. Ranar da zan tafi yarinyar bencin ƙarshe ta kawo min wata takarda a ninke, ta rubuta ɗaya zuwa goma da Fulatanci da Wolof da Mandinka da turanci, layi na biyar kuma da Hausa, ban ma san yaushe ta koya ba. Tana cikin jakar da nake zuwa aiki da ita. Ta gada na tsallaka a dawowa, ko minti biyar ba mu yi a kai ba.

Na samu Baba a zaune a inda na bar shi, na durƙusa na gaishe shi, ya dube ni yace Mamana kin rame, sannan yace Alhamdulillahi. Na koma koyarwa, ranar farko monita ya kawo min takarda da biro yace Malama in fara rubuta sunan masu Hausa? Na karɓi takardar nace a'a, jeka zauna.

Kusan shekara ɗaya da dawowata wata rana da daddare saƙon murya ya shigo min a WhatsApp daga wata lamba ta waje da ban sani ba. Na kunna, naji an ce Malama ina wuni, ina gajiya, ya mutanen gida, ni ne ɗalibinki na Farafenni, ina nan da rai, na sha wahala amma ina nan da rai. Da Hausa yayi maganar tun daga farko har ƙarshe, Hausa mai kyau wadda ta fi wadda na koya masa nesa ba kusa ba, har da karin harshen mutanen Nijar a ciki. Na saurara ya fi sau goma ina kuka, sannan na danna na amsa masa da nasa yaren nace kortanante, wato gaisuwarsu ta kana lafiya, kana ina, ka kira mahaifiyarka kuwa? Saƙon ya shiga, alama biyu ta fito. Har yau bai buɗe ba, amma ban goge lambar ba, duk bayan kwana biyu ina dubawa.